Unguwannin da Taragon Titi ya Haifa: Misalin Boston da Masar al-Jadida

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda wata hanyar sufuri guda ɗaya ta haifar da wani irin tsarin unguwa wanda duniya ba ta san shi ba kafin tsakiyar ƙarni na goma sha tara. Abin hawan da muke nufi shi ne taragon da ke bin dogo a tsakiyar titin gari, yana tsayawa kusan a kowace mararraba ya ɗauki mutane ya sauke. Turawan Ingila suna ce masa tiram, Masarawa suka ari kalmar suka ce turmai. Mu a nan za mu kira shi taragon titi, domin a bambanta shi da jirgin ƙasa mai tafiya gari ya gari.

Yawancin masu sauraro ba su tashi sun ga wannan abin hawa a garuruwansu ba. An taɓa shimfiɗa shi a Ikko a shekarar 1902, yana tashi daga Iddo ya ƙetare gadar Carter ya shiga tsibiri, amma injin tururi ne ke jan sa, layin gajere ne, kuma ya daina ɗaukar fasinja tun a ƙarshen 1913. Saboda haka bai daɗe har ya gina unguwa tasa ta kansa ba. Dole ke nan mu nemi misali a waje. Mun zaɓi birane biyu, watau Boston ta Amurka da Alƙahira ta Masar. A Boston dubban ƙananan magina ne suka yi aikin ba tare da wani ya tsara musu ba, a Alƙahira kuwa kamfani ɗaya ne ya zana unguwar tun daga titi har taga. Duk da wannan bambanci, za mu ga cewa abubuwa uku ne suka yanke siffar unguwannin a ko'ina: nisan da ƙafar mutum ke iya ci, kuɗin shiga tarago, da ribar da mai fili yake hange.

2.0 Birnin Masu Tafiya a Ƙasa

Kafin zuwan tarago, girman kowane birni yana ɗaure ne da ƙafar mazaunansa. Mutum mai lafiya yana cin kamar mil uku a awa ɗaya. Wanda zai fita aiki da safe ya komo da yamma, kullum ta Allah, ba ya son tafiyar ta wuce rabin awa ko minti arba'in. Wannan ne ya sa birane irin su Boston, a wajen shekarar 1850, ba su wuce mil biyu daga tsakiya zuwa gefe ba. Attajiri da lebura kusa da juna suke kwana, domin dukansu suna bukatar kusanci da kasuwa da bakin ruwa. Hasali ma attajiri shi ke kama tsakiya, talaka ya koma gefe, tunda a wancan zamani nisa wahala ce.

Taragon da dawaki ke ja ya fara aiki a New York a 1832, ya iso Boston a 1856. Gudunsa bai wuce mil biyar ko shida a awa ba, amma ko wannan ya isa ya ninka nisan da ma'aikaci ke iya zama daga wurin aikinsa. Sai dai doki yana da tsada. Yana cin abinci ko ya yi aiki ko bai yi ba, yana gajiya bayan 'yan awoyi, yana ɓata titi da kashi, ga shi kuma ba ya iya hawa tudu da kaya. A 1872 wata annobar murar dawaki ta ratsa biranen Amurka, sufuri ya tsaya cik na makwanni. Mafita ta zo ne a 1888, lokacin da wani injiniya mai suna Frank Sprague ya kafa layin lantarki mai tsawon mil goma sha biyu a birnin Richmond na jihar Virginia, ya nuna cewa tarago da yawa suna iya ɗaukar wuta daga waya ɗaya a lokaci ɗaya, su kuma hau tudu.

A nan ya kamata mu ɗan yi lissafi, domin shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Idan birni yana da mil biyu daga tsakiya zuwa gefe, faɗin ƙasarsa bai kai murabba'in mil goma sha uku ba. Idan tarago ya mayar da nisan mil shida, faɗin ya zama murabba'in mil ɗari da goma sha uku, watau ninki tara. Gonaki da makiyaya da dā ba su da wata daraja sai ta noma suka wayi gari sun zama filayen gini. Wanda ya san inda dogo zai bi kafin a shimfiɗa shi, to ya san inda kuɗi suke.

3.0 Boston

Wanda ya fahimci wannan lissafi da wuri a Boston shi ne Henry Whitney. A 1886 ya sayi filaye masu yawa a gefen titin Beacon a garin Brookline, ya sa Frederick Law Olmsted, mashahurin mai tsara lambuna, ya zana masa faffaɗan titi mai bishiyoyi da wurin dogo a tsakiya. A 1887 ya haɗe kamfanonin tarago na birnin suka zama ɗaya a ƙarƙashinsa, da dawaki wajen dubu takwas. Da ya ji labarin Richmond sai ya tafi ya gani da idonsa, kuma a farkon 1889 taragon lantarki ya fara bin titin Beacon. A lura da jerin al'amuran: fili ya fara saye, sa'an nan ya nemi tarago. Haka Francis Newlands ya yi a Chevy Chase kusa da Washington a 1890, haka Henry Huntington ya yi a Los Angeles a farkon ƙarni na ashirin. A wurin waɗannan mutane, ko layin bai kawo riba ba, muddin ya ɗaga farashin fili ya biya kansa.

Mafi kyawun bincike a kan abin da ya biyo baya shi ne na Sam Bass Warner, wanda aka buga a 1962. Ya duba garuruwa uku da ke kudu da tsohon birnin, watau Roxbury da Dorchester da West Roxbury, waɗanda Boston ta haɗiye a 1868 da 1870 da 1874. A 1870 mazaunansu kamar 60,000 ne, a 1900 sun kai 227,000. A cikin waɗannan shekaru talatin an gina sababbin gidaje wajen 22,500, kuma magina kimanin 9,000 ne suka gina su. Idan aka raba, kowane magini bai kai gida uku ba. Kafintoci ne da 'yan tireda da masu ɗan abin hannu, kowa ya sayi fuloti ɗaya ko biyu ya gina ya sayar ko ya ba da haya. Babu dokar tsara gari da ta tilasta musu komai a lokacin. To, me ya sa unguwannin suka fito kamar an buga su da hatimi ɗaya?

Amsa ta farko ita ce ƙafa. Tarago ya kai mutum nesa, amma daga inda ya sauka zuwa ƙofar gidansa a ƙasa zai tafi, ga sanyi ga ƙanƙara. Ba wanda zai sayi gidan da ya fi tafiyar minti biyar zuwa goma daga dogo. Don haka gine-gine suka bi layi suka miƙe kamar yatsun hannu, tsakanin yatsa da yatsa gonaki suna nan har sai an shimfiɗa wani layin da ya ratsa su. Tunda filin da ke kusa da dogo kaɗan ne, masu sayarwa suka yanka shi sirara dogaye, fuska ƙarama ciki mai zurfi, domin gidaje da yawa su sami bakin titi. A kan babban titin da tarago ke bi kuwa kantuna suka jeru, mahauci da mai burodi da mai magani, da ɗakunan haya a samansu, saboda nan ne kowa yake ratsawa safe da yamma. Inda layi biyu suka haɗu sai wurin ya zama 'yar kasuwa, da coci da makaranta da banki.

Amsa ta biyu ita ce bashi. Ƙaramin magini da kuɗin aro yake gini, kuma mai ba da rance ba ya son abin da bai saba gani ba. Kowa sai ya dubi gidan maƙwabcinsa ya yi irinsa, don kada nasa ya ƙi sayuwa. Daga nan ne gidan katako mai hawa uku ya cika Dorchester, iyali ɗaya a kowane hawa, da baranda gaba da baya. Mai gida yakan zauna a hawa ɗaya, ya sa 'yan haya a biyun, kuɗin hayarsu ya biya masa bashin. Ta wannan hanya ce 'ya'yan baƙin haure daga Ailan, daga baya kuma Yahudawan da suka zo daga gabashin Turai, suka fita daga cunkoson tsakiyar gari suka mallaki muhalli.

Amma fa ba kowa ne ya sami shiga ba, kuma a ganinmu wannan shi ne abu mafi nauyi a cikin tarihin. Kuɗin tarago a Boston senti biyar ne, kome nisan tafiya, har da sauya layi kyauta. A ido kuɗin kaɗan ne. To amma ladan lebura a yini bai wuce dala biyu ba, zuwa da dawowa senti goma ne, kuma a gidan talaka ba mutum ɗaya ke fita nema ba, har da mata da yara. Bugu da ƙari, lebura ba shi da tsayayyen wurin aiki, yau yana bakin ruwa gobe yana wurin gini, dole ya kwana inda zai ji labarin aiki da asuba. Akawu da malamin makaranta da mai sana'ar hannu da ke da tabbataccen albashi su ne suka bi dogo suka fita. Zuwa 1900 Boston ta rabu biyu, tsakiya ta masana'antu da gidajen talakawa, kewaye na masu hali. Tsohon tsarin nan da attajiri ke tsakiya ya juye. Ko a cikin sababbin unguwannin ma an jeru ne bisa ga aljihu, domin kowane titi yana da farashinsa, mutum ya san matsayin maƙwabcinsa tun kafin su gaisa. A kudancin Amurka kuwa rarrabuwar ta shiga har cikin taragon kansa: a Richmond, inda aka fara lantarki, baƙaƙen fata sun ƙaurace wa tarago a 1904 saboda an ware musu kujerun baya.

4.0 Alƙahira da Masar al-Jadida

Yanzu sai mu ƙetara zuwa Masar, inda abin ya zo da jarin Turawa a zamanin da Ingila ke riƙe da ƙasar. Taragon lantarki ya fara aiki a Alƙahira a watan Agusta na 1896, shekara takwas kacal bayan Richmond. Kamfanin na wani ɗan Beljiyam ne mai suna Edouard Empain, wanda daga baya Sarki Leopold na Biyu ya ba shi sarautar Baron, kuma shi ne kamfaninsa ya yi aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris da aka buɗe a 1900. Don a sama wa dogo hanya, a ƙarshen shekarun 1890 aka cike tsohon mashigin ruwan nan da ake kira Khalij, wanda ya ratsa birnin tun ɗaruruwan shekaru, aka mayar da shi titi; shi ne titin Port Said na yanzu. Janet Abu-Lughod, a littafinta na tarihin Alƙahira na 1971, ta nuna yadda unguwannin arewa irin su Shubra da Abbasiyya da Zahir suka cika da jama'a bayan isowar layukan, daidai da yadda ya faru a Dorchester.

Empain ya ga yadda dogonsa yake azurta masu filayen da ba su zuba ko kwabo a ciki ba. Sai ya yanke shawarar ya zama shi ne mai filin. A watan Mayu na 1905, shi da abokinsa Boghos Nubar, ɗan Nubar Pasha tsohon firayim ministan Masar, suka sayi faddan 5,952 na hamada daga hannun gwamnati a kan fam ɗaya kowane faddan. Faddan ya ɗara eka kaɗan. Wurin yana arewa maso gabas da birnin, kamar kilomita goma daga tsakiya, tudu ne mai busasshiyar iska, babu ruwa babu itace. A 1906 suka kafa kamfani wanda sunansa kansa ya tona manufarsa, domin ya haɗa jiragen lantarki na Alƙahira da dausayin Heliopolis a suna ɗaya. Sunan Heliopolis an aro shi ne daga tsohon birnin bautar rana na zamanin Fir'auna, wanda kufansa ke kusa, a Matariyya. Mutanen gari dai Masar al-Jadida suke cewa, watau sabuwar Masar.

Filin fam ɗaya ba ya zama na fam ɗari sai in ana iya zuwa wurin. Saboda haka kamfanin ya shimfiɗa layi iri biyu: taragon titi na yau da kullum da ya bi ta Abbasiyya, da wani mai sauri a kan keɓaɓɓiyar hanya wanda ke tashi daga kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Bab al-Hadid. Wannan na biyun shi mutane suka riƙa kira metro tun kafin a haƙa na ƙarƙashin ƙasa. Kamfanin ne ya kawo ruwa da wuta, shi ya dasa bishiyoyi, shi ke kwashe shara. Don ya jawo hankalin masu kuɗi ya gina katafaren otal da aka buɗe a 1910, da filin sukuwa, da wurin wasanni na Luna Park, ya kuma shirya gasar jiragen sama a watan Fabrairu na 1910, lokacin da yawancin mutanen duniya ba su taɓa ganin jirgin sama ba. Shi kansa Baron ya gina fada mai siffar ɗakin bautar Hindu, wadda Bafaranshe Alexandre Marcel ya zana aka gama a 1911, da babbar cocin Katolika inda aka binne shi bayan rasuwarsa a 1929.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne gine-ginen babban titi. Ernest Jaspar, ɗan Beljiyam, da abokan aikinsa sun ɗauki tsarin ɗakuna irin na Turai suka lulluɓe shi da ado irin na masallatan Alƙahira: bakan gizo, ƙubba, hasumiyar da ba a kiran salla a kanta. Wasu masana suna ganin wannan kwalliya ce kawai ta jawo mai saye, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Amma akwai abu ɗaya da ba kwalliya ba ne, shi ne doguwar rumfar da aka yi a ƙasan benaye, mai ginshiƙai, wadda mai tafiya ke bi cikin inuwa daga inda ya sauka a tarago har ya wuce kantuna. A Boston sanyi ne ya taƙaita tafiyar ƙafa, a nan rana ce, maginan kuma suka ba ta amsa da rumfa. Unguwar kasuwar da ta fi shahara a wurin ana kiranta Korba, kuma kalmar ta samo asali ne daga lafazin Faransanci mai nufin lanƙwasa, saboda a nan ne dogo yake karya kwana. Irin wannan ya faru a Iskandariya, inda layin Ramla ya fara tun 1863: sunayen tashoshinsa, kamar Bulkeley da Fleming da Bakos da San Stefano, su ne sunayen unguwannin har yau.

Game da su wa suka zauna, niyyar farko ita ce a yi dausayi biyu da hamada a tsakaninsu, ɗaya na masu hali da baƙi 'yan yawon shaƙatawa, ɗaya na ma'aikata da masana'antu. Karayar kasuwar kuɗi ta 1907 ta rushe wannan shiri. Masu sayen manyan gidaje suka yi ƙaranci, dole kamfanin ya tattara kome a wuri ɗaya, ya shiga gina gidajen haya, har ya ƙulla yarjejeniya da gwamnati ta samar wa ma'aikatanta muhalli. Robert Ilbert, wanda ya rubuta tarihin unguwar a 1981, ya nuna cewa wannan ne ya mayar da ita gari na gaske maimakon wurin hutun Turawa. Masu digiri da akawunan gwamnati na Masar, Musulmi da Kibɗawa, suka zauna tare da Siriyawa da Labanawa da Armeniyawa da Girkawa da Yahudawa. Masallaci da coci da majami'ar Yahudawa duk an gina su. Sai dai a kula, rarrabuwar nan ba ta ɓace ba, matsowa kusa kawai ta yi. Manyan gidaje masu lambu suna kusa da otal da fada, benayen haya suna bin dogo, ɗakunan barori da leburori kuwa an tura su can baya. Abin da kasuwa ta yi a Boston ba da shawarar kowa ba, a nan an zana shi a takarda tun kafin a aza tubali. Su kuwa ma'aikatan da ke tuƙa taragon Alƙahira, yajin aikinsu na 1908 da 1911 da 1919 yana cikin tushen ƙungiyoyin ƙwadago na Masar.

5.0 Bayan an Tumɓuke Dogo

A Amurka taragon titi ya fara rauni tun lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Senti biyar ɗin nan an rubuta shi a cikin yarjejeniyar kamfanoni da hukumomin birane, farashin ƙarfe da albashi suka ninka, kuɗin shiga bai motsa ba. Filayen da suka riƙe kamfanonin kuwa an riga an sayar, sai dogo ya rage da ɗawainiyarsa. A 1918 jihar Massachusetts ta karɓi ragamar kamfanin Boston. Motar Ford mai araha, wadda ta fito a 1908, ta cika titin da tarago ke bi, ta hana shi gudu. Akan ce kamfanonin mota da mai ne suka kashe shi da gangan, kuma gaskiya ne a 1949 kotu ta sami General Motors da Firestone da Standard Oil ta California da laifin haɗa baki don mallake cinikin bas da kayayyakinsa ga kamfanin National City Lines. Amma a ra'ayinmu sun tarar da mara lafiya ne a kwance, domin layuka da dama sun mutu a biranen da hannunsu bai kai ba.

Unguwannin sun shiga wahala bayan haka. Tun daga shekarun 1930 hukumomin lamuni suka riƙa shata wa tsofaffin unguwanni jan layi a taswira, musamman inda baƙaƙe suke, bankuna suka daina ba da rance a wurin. Masu hali suka sayi mota suka ƙara gaba. Roxbury ta zama cibiyar baƙaƙen fata na Boston; a can Malcolm X ya zauna a gidan yayarsa tun daga 1941. A shekarun 1960 aka rushe ɗaruruwan gidaje a Roxbury da Jamaica Plain don a shimfiɗa babbar hanyar mota. Mazauna suka tashi tsaye, har Gwamna Francis Sargent ya dakatar da aikin a 1970, daga baya aka soke shi. A filin da aka share sai aka sa layin jirgi da lambu, aka buɗe a 1987. Titin Beacon na Whitney kuwa bai taɓa rasa taragonsa ba, kuma gidajen da ke gefensa suna cikin mafi tsada a yankin. Wani abin mamaki shi ne, abubuwan da aka raina a 1950, watau ƙananan filaye da kanti a ƙarƙashin gida da rashin wurin ajiye mota, su ne masu tsara birane suke yabo tun daga shekarun 1990. Yabon ya zo da nasa ciwon, domin hayar gida mai hawa uku ta fi ƙarfin jikokin waɗanda aka gina shi dominsu.

A Masar tarago ya fi daɗewa. An mayar da kamfanin Heliopolis hannun gwamnati a zamanin Gamal Abdel Nasser, baƙi da yawa suka bar ƙasar, hafsoshin soja da manyan ma'aikata suka maye gurbinsu. Otal ɗin 1910 ya zama fadar shugaban ƙasa a shekarun 1980. Layin ya ci gaba da aiki, amma ba gyara ba sababbin taragu, yana raguwa kaɗan kaɗan. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso unguwar a 2014, kuma zuwa 2019 aka tumɓuke ragowar dogon. A tsakanin 2019 da 2020 aka faɗaɗa manyan tituna, aka gina gadojin sama, aka sare bishiyoyi masu ɗimbin yawa da ke tsakiyar hanya inda tarago yake bi. Hujjar hukuma ita ce a sauƙaƙa wa motoci wucewa zuwa sababbin garuruwan gabas da sabon babban birnin da ake ginawa a hamada, kuma ba za mu musa cewa cunkoson Alƙahira matsala ce ta gaske ba. Mazauna unguwar, ta bakin ƙungiyarsu ta kare kayan tarihi, sun koka cewa tsoho da yaro ba sa iya ƙetare titin da dā suke ratsawa zuwa masallaci ko kanti.

Masar tana da doka ta 144 ta shekarar 2006 wadda ta hana rushe gine-gine masu darajar tarihi, kuma gidaje da yawa na Masar al-Jadida suna cikin rajistarta. Amma dokar gini take karewa ɗaya bayan ɗaya. Faɗin titi da inuwar bishiya da tazarar da ke tsakanin tasha da ƙofar gida ba su da lamba a rajista, alhali kuwa, kamar yadda muka nuna a baya, a kansu aka auna kowane ɗaya daga cikin gine-ginen. A watan Yuni na 2020 aka sake buɗe fadar Baron bayan an kashe kuɗi masu yawa wajen gyara ta, aka mayar da ita gidan tarihin unguwar. A cikin lambunta an ajiye tsohon tarago guda ɗaya, an yi masa fenti, masu ziyara suna tsayawa a gabansa suna ɗaukar hoto.